Yadda na bi haƙƙina bayan an ciro ɗana ba rai a wani asibiti a Legas

Tun da labari ya bazu cewa mun gama da asibitin da na rasa ɗana a hannunsu, ban huta da tambaya ba. Wata za ta yi sallama da yamma bayan na taso daga makaranta, wata ta aiko da saƙon murya daga Idi-Araba ko Mile 12, wata kuma mijinta ne zai tare maigidana a ƙofar masallaci. Kowa da irin abin da ya same shi, amma tambayar ɗaya ce: ta ina ake farawa? Ni ba lauya ba ce, ba likita ba ce, malamar firamare ce haifaffiyar Agege. Abin da zan iya shi ne in faɗi yadda muka bi, ofis bayan ofis, da takardun da aka nema a wurinmu, da abin da muka kashe. Ba zan kama sunan asibitin ko na ma'aikatansa ba. Asibitin kuɗi ne, irin waɗanda suka cika wannan yanki namu.

Abin ya faru a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin takardun naira, kuɗin hannu ya ɓace a gari, turawa ta waya ma sai an taki sa'a. Cikina na uku ne, ban taɓa tsallake ranar awo ba, hoton ciki na ƙarshe ya nuna yaro lafiya lau. Naƙuda ta taso bayan la'asar, muka isa asibiti ana kiran magariba. Nas ta auna ni, ta ɗora na'urar sauraron zuciya a cikina, ni da kunnena na ji bugun, ta ce komai daidai, ta rubuta a fayil. Wajen ƙarfe tara suka sa min ruwan naƙuda, ciwo ya riƙa zuwa ba ƙaƙƙautawa. Kusan sha ɗaya faya ta fashe, ruwan ya fito kore mai kauri. Na haihu sau biyu, na san ba haka ruwan haihuwa yake ba. Na kira nas, ta leƙo ta ce, “Madam, yi haƙuri, ai ba haihuwar fari ba ce.” Ba su san cewa duk wanda ya tashi a Agege yana jin Yarabanci ba. Ina kwance ina jin su a bakin ƙofa suna cewa likita ba ya cikin asibitin, kuma ba ya ɗaga waya. Bai iso ba sai bayan ƙarfe biyu. Yana dubawa ya ce aiki za a yi yanzu-yanzu, amma mai karɓar kuɗi ta ce sai an ajiye kafin alƙalami, naira dubu 200. Maigida ya tura, kuɗin ya fita daga asusunsa bai faɗa nasu ba. Ya fita cikin daren nan yana bugun ƙofar masu POS. Sai bayan sallar asuba aka shiga da ni ɗakin tiyata. Da na farfaɗo Yayata ce a kaina, ta riƙe hannuna ta ce, “Sai haƙuri, ƙanwata, namiji ne, ya koma.”

Da hantsi maigida da ƙannensa suka tafi da shi maƙabarta. Liman ya ce tunda bai yi kuka ba ba za a yi masa salla ba, aka naɗe shi aka binne, aka binne mabiyiyar ma kamar yadda aka saba. Ba wanda ya yi mana maganar binciken gawa ko kai mabiyiya ɗakin gwaji, mu ma a wannan safiyar ba wanda hankalinsa zai je can. Abu guda Yaya ta yi kafin a rufe shi, ta ɗauki hotonsa da wayarta don in gan shi idan na dawo hayyacina. Ku riƙe maganar hoton nan, zan dawo kanta. Da aka sallame ni an caje mu cikakken kuɗin aiki da na gado da na magani, aka miƙo mana rasit da ɗan katin sallama, shi ke nan. Na koma gida da ɗinki a ciki, nono ya cika yana zuba, ana dafa min ruwan wankan jego, ba jariri.

Ofis na farko da na sha wahalarsa ba na gwamnati ba ne, tsakar gidanmu ne. Ranar da na ce ina son sanin abin da ya faru a daren, surukata ta ce, “'Yar nan, ki ji tsoron Allah. Wanda ya ba ki shi ya karɓi abinsa. Ƙara za ki kai ƙaddara?” Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba, ita ma ta binne 'ya'ya a ƙuruciyarta, haƙurin da aka ba ta shi take ba ni. Maigida ya rasa ɓangaren da zai tsaya. Malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa ne ya raba gardamar. Ya ce yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba, in da tana ɗaukewa da shari'a ba ta yanka diyyar kisan kuskure ba. Ya kawo hadisin da ke cewa duk wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da sanin likitanci ba, lamuni yana kansa, ya ƙara da cewa malamai sun ce ko gwani ne, in ya yi sakaci ana bin sa. Ya ce fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure ya yanka diyyar ɗan tayin da aka yi sanadin zubewarsa, ushurin diyyar uwarsa. Daren ranar maigida ya ce min, “Maman yara, duk inda za a je, tare za mu je.” Inna, wato surukata, ba ta ce ta yarda ba, amma daga ranar ita take riƙe min yara duk lokacin da za mu fita.

Bayan na yi arba'in muka koma asibitin neman fayil ɗina. Da baki muka fara nema, aka ce fayil na asibiti ne, ba a fita da shi. Sai muka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibitin, muka buga kwafi biyu, muka miƙa ɗaya, muka tsaya har sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ta dawo mana da shi. Wannan al'ada ta karɓar kwafi mai hatimi ita muka riƙe a kowane ofis har ƙarshe, domin wasiƙar da ba ki da shaidar an karɓa, ranar da aka musa ba ki da ta cewa. Bayan 'yan makonni suka kira mu, suka karɓi naira dubu 10, suka ba mu takarda shafi guda wai rahoton likita. A nan mutane da yawa suke tsayawa, suna zaton sun sami abin da suka zo nema. Rahoton likita labari ne da asibiti ya zauna ya tsara bayan komai ya wuce. Fayil kuwa shi ne abin da aka rubuta a daren, awa bayan awa, da hannun waɗanda suke bakin aiki: takardar karɓa, bayanan nas-nas, takardar magunguna, jadawalin bin naƙuda, takardar amincewa da tiyata, bayanin likitan aiki da na mai sa barci. Rahoton da suka ba mu ya ce na zo asibiti a makare, kuma alamu sun nuna yaron ya daɗe da mutuwa a ciki. Na karanta layin nan a cikin keke a hanyar komawa gida, jikina yana rawa. Ashe ba rasa shi kaɗai na yi ba, har laifin an juyo da shi kaina.

Daga nan muka nemi lauya. Mun fara zuwa ofishin lauyoyin gwamnatin jiha masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, wanda ake kira OPD, yana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta Legas. Sun saurare mu ba tare da karɓar ko kwabo ba, kuma a can na fara jin yadda hanyar take. Akwai kuma hukumar agajin shari'a ta tarayya ga wanda bai da hali. Mu dai daga baya mun ɗauki wata lauya mai zaman kanta a Ikeja, Bayarabiya, wadda ta taɓa riƙe irin wannan ƙara. Ina faɗin ƙabilarta da gangan, saboda masu son mai da maganar ta zama ta Hausawa da Yarabawa. A zaman sulhun da aka yi daga baya na ga mata na kowane yare suna jiran irin abin da nake jira. Tambayarta ta farko ita ce, asibitin na gwamnati ne ko na kuɗi? Ta ce in na gwamnati ne, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, wanda ke nufin mace tana gama wankan jego rabin lokacin ya tafi. In na kuɗi ne, dokar Legas ta ba da shekara uku ga ƙarar rauni ta dalilin sakaci. Mun rubuta yarjejeniya da ita: naira dubu 300 a biya kashi-kashi, kuɗin kotu da na ƙwararre a kanmu, sannan tana da kaso a cikin abin da aka samu in an samu. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

A zaman nan ta faɗi maganar da ta fi komai yi min nauyi. Ta ce a idon dokar da kotunan Legas suke aiki da ita, ɗa ba ya zama mutum mai haƙƙin kansa sai ya fito daga cikin uwa da rai. Don haka ba za a shigar da ƙara da sunan ɗana ba, ba kuma za a nemi diyyar ransa ba. Ni ce mai ƙara, abin da za a nema shi ne diyyar abin da ya same ni: azabar daren, rashin da na yi, damuwar da ta hana ni barci da aiki, da kuɗin da muka kashe. Na ce mata, “Anti, wata tara yana motsi a cikina, har suna mun zaɓa masa.” Ta ce ta sani, ita ma uwa ce, amma gara in ji daga bakinta da in ji daga bakin lauyan asibiti a gaban alƙali. Har yau ina ganin wannan gurbi ne a doka da ya kamata a duba. Lauyar ce ta rubuta wa asibitin wasiƙa ta biyu, ta jero takardun da muke so ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tuna musu cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan majiyyaci, ta kuma mai da sauya su ko ɓatar da su laifi, sannan kundin haƙƙoƙin majiyyaci da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ba majiyyaci damar samun bayanansa. Ba a daɗe ba suka ce a zo a karɓa. Mun biya kuɗin kwafi, muka zauna a gabansu muka sa wa kowane shafi lamba. Jadawalin naƙuda ba ya ciki. Sai da aka sake wata wasiƙa kafin ya fito.

Matakin da ya fi cin lokaci shi ne samun likitan da zai karanta fayil ɗin ya sa hannu a kan abin da ya gani. Lauya ta ce alƙali ba likita ba ne, kuma hawayena ba hujja ba ne. Dole wani ƙwararre ya tabbatar da abu biyu: cewa abin da aka yi min ya gaza abin da likita ko ungozoma mai kula za su yi a irin wannan hali, kuma cewa wannan gazawar ce ta jawo mutuwar, ba wani abu daban ba. Ta ba ni labarin shari'ar wata mata da aka yi wa tiyata a Benin, allura ta karye aka rufe cikinta da guntun, amma a 2006 Kotun Ƙoli ta ce ba a tabbatar da sakaci ba. Daga nan na gane girman abin da ke gabana. Likitoci da dama sun karanta takardun, suka girgiza kai, suka faɗa wa lauya gaskiya da baki, amma da aka zo sa hannu kowa ya janye, ba mai son ya tsaya a kotu a kan abokin aikinsa. A ƙarshe muka dace da wani dattijon likitan mata a Ibadan da ya ajiye aiki. Ya karɓi naira dubu 250, ya ce zai rubuta abin da takarda ta nuna ne kawai, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

Shi ne ya zaunar da mu ya karanta min daren nan daga takardunsu. Ya ce idan naƙuda ta kankama, ƙa'ida ita ce a saurari zuciyar jariri aƙalla duk rabin awa a rubuta a jadawali, kuma bugun lafiya yana tsakanin 110 da 160 a minti. A takardar karɓa, da hannun nas ɗinsu, an rubuta 140 da magariba. An sake rubutawa sau biyu, daga nan jadawalin ya zama fari fat tun kafin sha ɗaya har zuwan likita. Ya ce koren ruwan nan kashin jariri ne na farko, idan ya fito da kauri alama ce mai yiwuwa yaro yana galabaita, lokacin ne ya kamata a ƙara sa ido, a rage ko a tsayar da ruwan naƙuda, a kira likita ko a tura ni wani asibitin. Ruwan naƙudar ma babu sa hannun likitan da ya ba da umarninsa, kuma in ya yi yawa yana matse mahaifa har jini ya kasa isa ga jariri. Tsakanin yanke shawarar tiyatar gaggawa da ciro yaro, abin da ake hari rabin awa ne, nawa ya haura awa uku, kuma dokar 2014 ta hana asibiti ƙin yin aikin gaggawa bisa kowane dalili, har ta yanka tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Sai ya zo kan maganarsu cewa yaron ya daɗe da mutuwa. Ya ce jaririn da ya yi sa'o'i masu yawa da mutuwa a ciki fatarsa tana saɓulewa, launinta ya canza. Ya nemi hoton da Yaya ta ɗauka, ya duba, ya duba lokacin da wayar ta nuna an ɗauke shi. Fatar yaro sumul, ba inda ta saɓule. Ya ce da hoton, da lambar 140 da suka rubuta da kansu, da saƙon banki mai nuna ƙarfe nawa maigida ya tura kuɗi, labarin rahotonsu ba zai tsaya ba. Ya kuma ce da an yi gwajin mabiyiya da hujjar ta fi haka ƙarfi, domin da an toshe ƙofar cewa wata cuta ce daban. Ban yi kuka a gabansa ba. A mota a hanyar dawowa Legas na yi, domin ranar ce na tabbatar ba ni na makara ba.

Da rahotonsa a hannu muka buɗe hanyoyi uku a lokaci guda, kuma ya kamata a san bambancinsu don kada a sa rai inda babu. Ta farko hukumar jihar Legas mai rajista da sa ido a kan asibitoci, HEFAMAA. Mun kai takardar koke da kwafin komai, ba a biyan kuɗi, suka kira mu muka yi bayani, suka nemi asibitin ya ba da nasa. Ikonsu a kan asibitin ne, su duba ma'aikatansa da kayan aikinsa da lasisinsa. Ta biyu majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, mai hedikwata a Abuja. Su ba sa aiki da wasiƙa kawai, sai takardar rantsuwa. Lauya ta tsara labarin sakin layi bayan sakin layi, da sunan likitan, na je babbar kotu a Ikeja na rantse a gaban kwamishinan rantsuwa, kuɗin kaɗan ne, aka haɗa da kwafin fayil aka aika. Kwamitin bincikensu yana ba likita kwafi ya mayar da martani shi ma a kan rantsuwa, in sun ga akwai abin tuhuma su tura ga kotun ladabtarwarsu, wadda take iya yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan likita daga rajista. Nas da ungozoma kuma tasu majalisar daban ce, can muka aika koke na dabam. Duk waɗannan ba mai ba ki diyya a cikinsu. Diyya sai hanya ta uku, wato babbar kotun jiha.

A Legas ba a faɗawa kotu kai tsaye. Ƙa'idojin babbar kotu na 2019 sun ce sai an fara rubuta wa wanda ake ƙara, a gaya masa abin da ake nema, a ba shi damar sasantawa, a kuma nuna wa kotu an yi hakan. Amsar lauyan asibitin ta musanta komai. Sai muka shigar da ƙara, ni ta farko, maigida na biyu saboda kuɗin da ya biya. Komai tare ake miƙawa tun ranar farko: bayanin ƙara, sunayen shaidu, bayanin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin duk takardar da za a dogara da ita. Ni, maigida, Yaya da likitan Ibadan kowa ya rantse a kan nasa. Kuɗin shigarwa da na kai sammaci da kwafe-kwafe sun ci kusan dubu 100. Sai jira. Kotu tana tafiya dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lauyansu ya nemi ƙarin lokaci, ya sake nema. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, duk fita kuma sai na nemi izini a makaranta, maigida ma ya bar rumfarsa a hannun yaro. Akwai lokacin da na ce a bar maganar, na gaji da maimaita daren nan a gaban baƙin fuska. Inna ce, ita da ta fara hana ni, ta ce, “'Yar nan, tunda kin fara, ƙarasa.”

Kotu ta tura mu sulhu a cibiyar sasanci da ke haɗe da ita, Multi-Door, wadda take aiki tun 2002. Ba zauren kotu ba ne, ɗaki ne da teburi, mai shiga tsakani yana zaune, kowa da lauyansa, kuma abin da aka faɗa a ciki ba a ɗaukarsa a kai gaban alƙali. A zaman farko mai asibitin ya yi tayin mayar mana da kuɗin tiyata, wai don tausayi, ba don sun yi laifi ba. Na ce ban zo karɓar sadaka ba. Na roƙi mai shiga tsakani ta bar ni in yi magana da bakina, na ɗauko jadawalin nan na tura gabansa, na ce, “Dakta, nuna min inda aka saurari ɗana tsakanin sha ɗaya da biyu.” Ya daɗe yana kallon takardar. A zama na gaba harshensu ya sauya. Abin da muka tsaya a kai shi ne su janye rahoton da ya ce na makara su ba ni gyararre, su rubuta takardar ban-haƙuri, su biya abin da muka kashe da diyya, su kuma rubuta cewa likita zai riƙa kwana a asibitin kuma ba za a sake tsayar da tiyatar gaggawa don jiran kuɗi ba. Sun so a sa sharaɗin in janye koken da ke gaban majalisar likitoci, na ƙi, lauya ta tsaya min, a ƙarshe suka haƙura. Na yarda ba zan faɗi adadin kuɗin ko sunansu ba. Abin da zan iya cewa, ba irin miliyoyin da ake yayatawa a unguwa ba ne. Bayan an cire kason lauya da bashin da muka ci, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. An kai yarjejeniyar gaban alƙali ya sa hannu ta zama hukuncin kotu, wanda ke nufin in sun saɓa ana iya tilasta musu. Sun biya kashi uku, na ƙarshe a farkon 2025.

Ga wadda take da ciki yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a wurin awo ki tambaya ko likita yana kwana a asibitin, ko suna da ɗakin tiyata da mai sa barci da hanyar samun jini da daddare, da nawa ne kuɗin aiki in ta kama. Ki ɗauki hoton katin awonki da duk sakamakon gwaji. Wadda za ta kwana da ke ta riƙa lura da agogo, ko saƙo ta riƙa tura wa wani a waya, “an sa ruwa”, “faya ta fashe”, domin wayar tana ajiye lokaci. In abin da ba a fata ya faru, mai jego ba za ta iya komai ba, aikin miji ne da 'yan'uwa: a ɗauki hoton jaririn kafin a rufe shi, a tambayi ko za a iya kai mabiyiya gwaji, wannan ba ya hana a yi jana'iza a ranar, a adana kowane rasit da saƙon banki, a nemi kwafin cikakken fayil a rubuce tun kafin a bar asibiti, kada a sa hannu a wata takarda don an yafe muku wani kuɗi sai lauya ya gani. In asibitin gwamnati ne, a ga lauya kafin arba'in. Kuma ba kowace haihuwa ba rai ce sakaci ba. Likitan Ibadan ya ce ya sha karanta fayil ya ga an yi duk abin da ya dace, ya gaya wa iyayen haka, suka tafi da natsuwa. Amma rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta jarirai kusan miliyan 2 ake haifa ba rai duk shekara, sama da kashi 40 cikin 100 a lokacin naƙuda suke mutuwa, kuma Najeriya ce ta uku a yawa bayan Indiya da Pakistan. Jaririn da ya shiga asibiti zuciyarsa tana bugawa, iyayensa suna da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa.

Koken da ke gaban majalisar likitoci yana nan. Likitan ya mayar da martaninsa, an aiko mana kwafi, mun ba da amsa, muna jiran ranar da kwamitin zai kira mu. Lauya ta ce in mun canza lambar waya ko gida mu sanar da su a rubuce, domin da adireshin da ke kan takardar rantsuwa za su neme mu, kuma in an kira dole ni da kaina zan je in amsa tambayoyi.